Yadda ake binciken digiri na biyu kan ingancin kyamarar gamma

In kana karatun fiziks a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, kuma ranka ya kwanta da fiziks ɗin likitanci, kada ka fara da rubuta babi na ɗaya. Fara da neman na'urar da za ka yi aiki da ita, wato kyamarar gamma, wadda asibiti ke amfani da ita wajen ɗaukar hoton hasken radiyeshan da ke fitowa daga maganin da aka sa a jikin majinyaci. Wuraren da aka fi sani da wannan aiki su ne Asibitin Koyarwa na Ibadan da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Malamin da ke duba aikinka ya rubuta musu takarda, ka samu izini a rubuce, a ba ka bajon auna yawan hasken radiyeshan da jikinka ya sha. Dokar NNRA ce, hukumar kula da harkar nukiliya ta Najeriya, ba a wasa da ita.

Sai ka taƙaita tambayarka. "Ingancin na'ura" ya yi faɗi da yawa. Ni da zan ba da shawara, sai in ce ka tsaya kan daidaiton hoto: shin kowane sashe na fuskar kyamarar yana ƙirga haske daidai da ɗan'uwansa?

Ga yadda ake gwajin. Da safe, kafin a shigo da majinyaci, ka tabbatar kyamarar ta tsaya kan 140 keV, wato ƙarfin hasken da teknishiyam-99m ke fitarwa (sinadarin radiyeshan da ake sa wa majinyaci), da taga ta kashi 20 cikin ɗari, wato tazarar ƙarfin hasken da kyamarar za ta karɓa. A cire kolimeta, wato farantin dalma mai huda-huda da ke gaban kyamarar, a hankali, domin kiristal ɗin sodiyam ayodaid mai kama hasken da ke bayanta ba ya son bugu ko kaɗan. Ka sa ɗan ɗigon teknishiyam a sirinji, ka ajiye shi nesa, aƙalla ninki biyar na faɗin fuskar kyamarar, ka bari ta tara ƙirge na miliyoyi. Lissafin ba wuya: ƙirgen sashen da ya fi yawa a debe na sashen da ya fi ƙanƙanta, a raba da jimillar su biyun, a ninka da 100. Amma ka kalli hoton da idonka ma. Baƙin tabo mai zagaye yakan nuna ɗaya daga bututun ƙara haske da ke bayan kiristal ɗin ya mutu.

Ka tuna rabin ƙarfin teknishiyam yana tafiya cikin awa 6, don haka ka rubuta lokacin kowane awo. In akwai farantin kobal-57 mai 122 keV, da shi ake gwadawa ba tare da cire kolimeta ba.

Awo ɗaya ba bincike ba ne. Maimaita shi kullum na tsawon watanni, kana kwatantawa da sakamakon ranar da aka karɓi na'urar. Kusa da kowane sakamako ka rubuta zafin ɗakin da ko an ɗauke wuta cikin dare. Wanda ya san zafin Afrilu a Katsina ya san abin da ɗaki ke zama in AC ya tsaya, kuma canjin zafi na farat ɗaya yana iya tsaga kiristal.

In kyamarar tana yin SPECT, wato tana zagaya jikin majinyaci tana ɗaukar hoto, ƙara gwajin tsakiyar juyawa, sannan ka auna sakamakonka da ƙa'idojin NEMA, ƙungiyar masu ƙera kayan lantarki ta Amurka, da na IAEA, hukumar makamashin nukiliya ta duniya, kafin ka kai wa malaminka.