Kurakuran da muke yi da tsohuwar lojik analaiza wajen gyaran Z80 da 'yan uwansa

A Jidda har yau ana kawo mana allunan injin saƙa, na sikelin awo da na tsofaffin lif, waɗanda furosesan cikinsu, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa su, Z80 ne ko 8085. Mita ba ta iya nuna maka abin da ƙafafun furosesa arba'in ke yi a lokaci ɗaya, shi ya sa wasunmu suka tsinto tsohuwar lojik analaiza irin HP 1650A a kasuwar Haraj. Na'ura ce da ke nuna siginar layuka da yawa a lokaci ɗaya, wannan mai layuka 80 ce, kuma da wuya laifi ya zama nata. Yawanci hannunmu ne.

Tun kafin a kunna ake fara ɓarna. A tsofaffin gidajen Saudiyya akwai soket mai bolt 127 kusa da mai 220. Duba bayan na'urar ka ga a kan me aka saita ta, 115 ko 230, sannan ka auna soket ɗin da mita. In ta kwana a ɗaki mai sanyin kwandishan ka fito da ita cikin laimar Jidda, bar ta ta sha iska awa ɗaya, domin raɓa na kwanciya a kan allonta. Ka riƙa hure ƙurar fanka, kada kuma ka kai hannu kusa da kwalbar allon kallo, wutar da ke wurin tana da ƙarfi ko bayan an kashe.

Faifan fulofin da 1650A ke tashi da shi, kwafe shi yau. In ya mutu, ita ma ta kwanta.

Babban kuskuren, wanda ya fi cinye wa mutane dare, shi ne rikita Timing da State. A Timing na'urar tana ɗaukar hoto da agogonta na ciki, wannan na ganin tazara ne tsakanin sigina da sigina. In kana son karanta abin da furosesa ke aiwatarwa, umarni bayan umarni, State za ka shiga, ka ba ta bugu, wato siginar da ke gaya mata lokacin ɗaukar hoto, daga allon da kake gyarawa. A nan ma akwai rami. Wani yaro da ke koyon aiki a wajena ya ɗaura bugun a kan MREQ, ƙafar Z80 da ke sauka duk sanda yake neman ƙwaƙwalwa, ya zo da gudu yana cewa, "Malam, rom ɗin nan ya ƙone, adireshi sai tsalle yake." Na duba allon kallo: 0000, sai wata lamba, 0001, sai wata lamba. Rom, wato guntun da ke riƙe da umarnin furosesa, lafiyarsa ƙalau. Bayan kowane ɗauko umarni, Z80 yana fitar da adireshin wartsake ƙwaƙwalwa, yana saukar da MREQ tare da RFSH, ƙafar da ke nuna wartsakewar. Muka mai da bugun kan tashin RD da WR, ƙafafun karantawa da rubutawa, layuka suka jeru tsaf. Ga furosesa 6502 kuwa, saukar bugun agogonsa da ake kira fai 2 ake kamawa. Shi 8085 ƙafafunsa AD0 zuwa AD7 aiki biyu suke yi, adireshi da farko sannan bayanai, don haka sai ka kama rabin adireshin a saukar ALE, ƙafar da ke nuna adireshi ne a kan layukan. Wanda ya manta da wannan zai ga shirme ya ɗauka allo ne ya haukace.

Sai wayoyi. Na ga masu yanke wayar banza su haɗa kai tsaye saboda 'yan tsinken asali, wato bakin wayoyin na'urar da ake maƙalawa a allo, sun ɓata. A cikin tsinken nan akwai rezista da kafasita, su ke sa na'urar ba ta yi wa layi nauyi, kuma da su aka lissafa abin da take karantawa. Nemi na asali ko da tsada. Kowane ƙunshin waya 16 yana da tasa wayar ƙasa, ka maƙala ta kusa da furosesa, gajeruwa. Waya ɗaya doguwa ga ƙunshi biyar ita ke haifo 'yan sigina na ƙarya. Ka kuma tabbata mizanin da na'urar ke raba 0 da 1 da shi yana kan TTL, wajen bolt ɗaya da rabi. Mai ita na da yana iya barin sa a kan ECL, wani mizanin daban, sai ka ga komai ya sandare a 1.

Ƙwaƙwalwar 1650A layi 1024 kawai take riƙewa, furosesa kuwa cikin ƙiftawar ido ya wuce nan. Danna maɓalli da ka ba zai kamo komai ba, sai ka ɗana tarko, wato ka saita adireshin da in ta gan shi za ta fara kamawa. Fara daga inda ka san dole ya bi: 0000 ga Z80 da 8085 bayan riset, FFFC ga 6502. Ka bi sawu har inda ya kauce, sannan ka matsar da tarkon can.

Ni kafin in yarda da duk abin da na'urar ta nuna, nakan cire rom in ɗaure layukan bayanai a kan umarnin da ba ya yin komai, 00 ga Z80, EA ga 6502. Adireshi zai yi ta ƙirga kansa a jere. In lamba ta tsallake, ko layi ya maƙale ne a allon, ko kuwa ka sauya tsinke biyu, A3 a gurbin A4. Minti goma wannan gwajin ke ci, kuma shi nake sa kowane sabon yaro ya fara yi kafin in bar shi ya taɓa allon mai kaya.