Fektin a gaban kwastam: inda masu shigo da kaya ke tuntuɓe

Fektin gari ne da ake samu daga ɓawon lemu da tuƙar tuffa bayan an matse ruwanta. Shi ke sa jam ya kama jiki, ya ƙara wa yogot kauri. A jadawalin Hukumar Kwastam ta Duniya lambarsa 1302.20, amma sau da yawa wata lambar daban ce ke hawa takarda.

Babban kuskure shi ne a ba kaya lamba bisa aikin da yake yi. Mai fiton kaya ya ji an ce abin na daskarar da ruwa, sai ya rubuta lambar jelatin. Ina aka haɗu? Jelatin daga fata da ƙashin dabba ake yin sa, gidansa 3503. Agar daga ciyawar teku yake fitowa, 1302.31. Ƙaron da ake fitarwa daga Yobe da Borno 1301.20 ne. Kwastam asalin abu suke tambaya, don haka kafin ka cike Form M, wato takardar da mai shigo da kaya Najeriya ke cikewa, nemi kamfanin da ya sayar maka ya turo takardar binciken sinadaran kayan.

Wurin da ya fi ruɗa mutane shi ne sukari. Ka buɗe buhu, farin gari mai ɗan rawaya, takarda ta ce akwai sukari a ciki, sai hankali ya tashi a ɗauka ya koma haɗaɗɗen abinci. Ba haka ba ne. Ƙarfin fektin yana bambanta daga wannan ɓawo zuwa wancan, shi ya sa masana'anta ke zuba sukari don su daidaita shi, kuma hakan bai fitar da shi daga 1302.20 ba. Amma in an haɗa shi da kala da ƙamshi, ya zama garin da uwargida za ta dama kawai ta samu jeli, to ya koma 2106, gidan haɗaɗɗen abinci. Jam ɗin da aka gama kuwa 2007 ne.

Sai masu kwafe lambar da ɗan kasuwar Turai ya sa a rasit. Lambobi shida na farko ne kaɗai duniya ta yi tarayya a kai. Jadawalin ECOWAS goma yake amfani da su, huɗun ƙarshe a cikinsa za ka nemo.

E440 da ke jikin buhu kuma lambar sinadarin abinci ce. Kada ka kai ta gurbin kwastam, in ba so kake kwantenarka ta kwana a Apapa kuɗin ajiya na hawa ba.