Yadda na gyara matsalar daurin robobi da ke tsinka waya

Injin matse robobin da muke aiki da shi a wajen tara gorunan ruwa da na lemo, irin na tsaye ne mai haidirolik, ya dinga ba mu ciwon kai, a matse a ɗaure da waya, ana fito da dami sai ya kumbura wayar ta tsinke tas, robobi su watse a fili. Wani makanike ya ce famfo ne ya gaji, a sayo sabo. Ni dai ban yarda ba, tunda agogon firesha yana hawa daidai kuma man injin ba ya yoyo.

Ashe iska ce. Gorar PET, wato irin robar gorunan ruwa da lemo, in murfinta na rufe gam, iskar ciki ba ta da hanyar fita, injin zai danne ta amma da ya saki sai ta dawo yadda take. Sai na sa yara su dinga cire murfi kafin a zuba, wanda ya ƙi buɗuwa a huda shi da ƙusa, a kuma zubar da ragowar ruwa ko lemo don yana ƙara nauyin banza kuma yana janyo ƙuda. Murafun ma kuɗi ne, robarsu daban ce, ana sayensu daban.

Sannan muka daina cika ramin injin lokaci ɗaya, kaɗan-kaɗan ake zubawa ana dannawa, a na ƙarshe a bar farantin da ke danna robobin ya zauna a kai a ɗaure wayar tun yana danne. Ledar fiya wata kuma daurinta daban, masu saye suna rage farashi in an gauraya.