Yadda za ka binciki filin zinariya kafin ka zuba kuɗinka

Watan jiya ɗan ƙanwata ya same ni a shago a unguwar Aboabo ta Kumasi, nan Gana, da wata takarda a naɗe cikin leda, ya ce "Kawu, mun samu fili wajen Konongo, mai gari ya dangwala, saura kuɗin hayar eskabeta, motar tono, kawai." Na buɗe na duba, ga yatsan mai gari ga na shaidu biyu, amma lambar lasisi ko ɗaya babu. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don yara da yawa a zango sun salwantar da jarinsu ta wannan hanyar. Abin da na gaya masa shi zan gaya muku.

Da fari dai ka san cewa mai gari saman ƙasa yake iya ba ka, abin da ke ƙarƙashi ba nasa ba ne. Kundin tsarin mulkin 1992 ya ce duk ma'adinin da ke cikin ƙasa na Gana ne, yana hannun shugaban ƙasa amana, kuma dokar ma'adinai ta 2006 a kan haka ta ginu. To takardar mai gari tana da amfaninta wajen zaman lafiya da mutanen gari, amma ba ita ce izinin tono ba.

Sai ka tambayi tarihin wurin, kuma nan ne mutanenmu ke sakaci. Filayen nan an daɗe da raba su tun kakanninmu suna fataucin goro. Dubi Obuasi, garin haƙar zinariya, wasu 'yan ƙabilar Fante ne, Joseph Ellis da Joseph Biney, suka karɓi filin daga hannun sarakuna a 1890, daga baya suka sayar wa wani Bature Edwin Cade, shi ne aka kafa kamfanin Ashanti Goldfields a 1897 a kan fili murabba'in mil 100, kamfanin ya haɗe da wani kamfani mai suna AngloGold a 2004. A 2014 aka tsayar da aikin, wasu suka ɗauka an tafi ke nan suka faɗa ramuka, sai ga shi an dawo a 2019. Ka ga wuri ya zama daji ba ya nufin ba shi da mai shi.

Yadda za ka yi, ka je filin da ƙafarka tare da safiyo, wato mai awon fili, ya ɗauko maka lambobin iyaka da na'ura, kada ka yarda da "daga iccen can zuwa rafi". Ka kai lambobin ofishin Minerals Commission, wato hukumar ma'adinai, su ke riƙe da taswirar da ke nuna wa ke da wane fili, tana ma kan intanet. In ya faɗa cikin filin babban kamfani ko gandun dajin gwamnati, ka naɗe tabarmarka. In kana son tsofaffin yarjejeniyoyi na zamanin Turawa, akwai gidan ajiyar takardu na PRAAD a nan Kumasi. Amma ni na fi son zama da tsofaffin ƙauye, su ne za su nuna maka inda tsohon rami yake, wanda ciyawa ta rufe bakinsa ruwa ya cika shi, na taɓa ganin irinsa a tsakiyar gonar koko, na jefa dutse ban ji ya taɓa ƙasa ba, ga yara na wucewa ta gefensa da jarkoki.

In fili ya fita fes, sai neman lasisin ƙaramin tono. Tun 1989 aka halatta shi, na ɗan ƙasa ne kaɗai mai shekara 18 zuwa sama, eka 25 ne iyaka, shekara biyar sai a sabunta. Za a liƙa sanarwa a ofishin asambili, wato majalisar gunduma, ko akwai mai ja, sannan ga takardar hukumar muhalli da ta ruwa. Akwai zirga-zirga kam, ba ƙarya, amma tun gyaran dokar 2019 galamse, wato tono ba lasisi, na iya kai mutum kurkuku shekara 15 zuwa 25. Kuma don Allah a nisanci rafi, ku je ku ga kogin Offin da na Pra yadda suka koma kamar kunu, mutane ne ke sha.

Yaron dai ya ji magana, ya ɗauki safiyo suka tafi. Ranar Alhamis ya kira ni, ya ce fiye da rabin filin yana cikin lasisin wani kamfani, yanzu yana bin dillalin ya maido masa kafin alƙalami.