Ganyen tumatir ya yi rawaya, ba kullum ba ne yunwa

Wallahi na gaji da tambaya ɗaya. Kusan duk sati sai wani ya tare ni ko ya turo min hoton tumatir ko attaruhu ko tattasai da ya shuka a buhu ko a bokitin fenti, ganye ya yi rawaya, abin da zai ce kawai shi ne Malam wane taki zan zuba. Bai tambayi me ya samu shukar ba, shi ya riga ya yanke hukunci yunwa ce, kuma sau da yawa kafin ma ya tambaya ya riga ya zuba yuriyar, so yake kawai in ce masa ya yi daidai. To bai yi daidai ba, kuma na san haka ne don ni ma ta nan na faɗi.

Shekarar da na fara, buhu 30 na jera a tsakar gida, tsoffin buhunan shinkafa, na cika su da ƙasar da na sa aka ɗebo min daga bakin fadama don na ga baƙa ce na ce ai wannan ita ce mai ƙarfi. Laka ce zalla. Huda kuwa biyu-biyu na yi a gindin kowane buhu kuma na ajiye su kai tsaye a kan siminti. Da Agusta ta shigo ruwa ya zauna, sai na ga ganyen ƙasa ya fara rawaya, shukar ta langaɓe da rana tsaka kamar mai jin ƙishi, ni kuma da na ga haka sai na ƙara ruwa, sannan na bi kowane buhu da cokali cike da yuriya na zuba daf da gindi. Kwana uku ba a yi ba bakin ganyayen suka ƙone kamar an watsa musu tafasasshen ruwa. Guda 22 suka tafi, kuma har sun fara fure fa, kuɗin iri da na ƙasa da wahalar wata biyu duk suka bi ruwa. Ranar da na tumɓuke ta farko na ga saiwar, a nan na gane. Saiwa mai lafiya fara ce tas kuma da ƙwari, wannan ta koma ruwan ƙasa, tana saɓulewa a hannu, ga wani wari kamar na kwata.

Abin da mutane ba sa so su yarda da shi kenan, saiwa numfashi take yi. Idan ruwa ya kwanta ya cike duk ƙofofin iskar da ke cikin ƙasa sai ta shaƙe ta fara ruɓewa, kuma ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta jan ruwa ba ta jan abinci, shi ya sa za ka ga shuka tana tsaye cikin caɓi amma tana yaushi. Abincin yana nan a ƙasar, bakin cin ne babu. Sai kai kuma ka zo ka ɗora mata yuriya, wadda a jikin buhunta an rubuta 46, wato kashi 46 cikin 100 nitrojin ne, duk takin da muke saye a kasuwa babu mai zafinta, ka zuba a kan saiwar da take jinya. Garin neman gira ka rasa ido kenan.

Yanzu ni kafin in taɓa taki sai na cusa yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu, in da danshi ba na ba da ruwa ko da saman ya bushe ƙayau. In bokiti ne ina ɗaga shi in ji nauyi, da sannu hannu yake sabawa. Ƙasa kuma kashi biyu ƙasar gona, kashi ɗaya yashi, kashi ɗaya takin dabbobi da ya ruɓe ya huce, huda aƙalla takwas har da gefe-gefe ta ƙasa, sannan in ɗora buhun a kan bulo ko duwatsu. Wasu suna sa ɓuntun shinkafa da aka babbake maimakon yashi, yana yi, ni dai yashin ne ya fi min sauƙin samu.

To in ka tabbatar ba ruwa ba ne, sai ka tsuguna ka kalli shukar da kyau, daga ina rawayar ta fara? Wannan tambayar ita ce rabin aikin. Akwai abincin da shuka take iya kwashewa daga tsoffin ganye ta kai wa sababbi idan ya yi mata kaɗan, irin su nitrojin da magnesiyam da fotasiyam, saboda haka ƙarancinsu daga ƙasa yake fara nunawa. Akwai kuma wanda inda ya zauna ya zauna kenan, kamar sinadarin ƙarfe da kalsiyam, su kuma a sabon tsiro can sama ake ganin rashinsu. In tsohon ganye ne ya koɗe gaba ɗayansa har jijiyoyin, rawayar tana hawa sama a hankali, shukar ta tsumbure karan ya sirance, to wannan ce yunwar nitrojin ta gaskiya, nan ne kaɗai yuriya ko kamfa, wato takin zamani na NPK, suke da amfani. Ko a nan ɗin ma ni murfin kwalbar lemo ɗaya na kamfa 15:15:15 nake sa wa buhu, nesa da gindi kamar faɗin tafin hannu, in tona in rufe in ba da ruwa, sai bayan sati uku in sake. Manoman gero a Nijar da murfin kwalba suke auna taki a kowane rami a fili guda ma, balle kai da ƙasarka ba ta wuce cikin bokiti ba.

In kuma tsohon ganyen ne amma jijiyoyin suna nan kore shar, tsakaninsu ne ya yi rawaya kamar zanen ƙashin kifi, magnesiyam ne, kuma ya fi zuwa lokacin da tumatir ya ɗauki 'ya'ya da yawa. Gishirin Epsom nake saya, wani gishiri ne mai ɗauke da magnesiyam, cokalin cin abinci ɗaya a lita 4 na ruwa, in fesa da yamma. In gefen tsohon ganyen ne ya bushe ya yi ruwan ƙasa kamar an lasa masa wuta tsakiyar kuma kore, a fi zargin fotasiyam, amma ka fara tuna ko ka zuba taki da yawa kwanan nan, don ƙunar taki ma haka take kama.

Sai toka. Dan Allah 'yan uwa ku bar zuba toka a bokiti kamar kuna zuba ta a gona! Wannan shi ne kuskure na biyu da ya ci min attaruhu na kaka guda kuma har yau in na tuna raina yana ɓaci, don shawara ce aka ba ni da zuciya ɗaya. Wani dattijo maƙwabcinmu, manomi ne na gaske ba na wasa ba, ya ga kiyashi da ƙwari suna hawa shukar ya ce in riƙa barbaɗa toka, ni kuma duk safiya in an kwashe murhu sai in ɗiba in zuba, har saman ƙasar ya yi fari. Bayan kamar wata guda sabbin ganyen sama suka fara fitowa rawaya, ƙanana, jijiyoyin kore siri-siri kamar raga, daga baya ma suka koma kusan farare, na ƙasa kuma suna nan kore abinsu. Na zuba kamfa, shiru. Na ƙara, shiru, sai ma ƙuna. Fure yana fitowa yana zubewa.

Ku tuna fa iyayenmu mata in babu kanwa me suke yi, ba toka suke tarewa su tace ruwanta su sa a miya ba? To toka kanwa ce. Dattijon nan yana da gaskiya a gonarsa, fili ne mai faɗi, ruwan sama yana wankewa, kuma yawancin ƙasar jigawa tamu tana da ɗan tsami-tsami, tokar ma gyara take yi ga kuma fotasiyam da take bayarwa. Amma bokiti mai lita 20 ina tokar za ta je? Tana nan tana taruwa har ƙasar ta zama mai kanwa. A ma'aunin tsami da kanwar ƙasa da ake kira pH, tumatir da barkono sun fi son tsakanin 6 zuwa 6.8, in ya haura 7.5 sinadarin ƙarfen da ke cikin ƙasar sai ya ɗaure, yana nan amma saiwa ba ta iya ɗauka, ko buhu guda na taki ka juye ba abin da zai canza. Kuma masu haɗa toka da yuriya wuri ɗaya wai don ƙarfi ya ninku, asara kuke yi, tokar tana sa nitrojin ɗin ya tashi ya bi iska, wannan warin mai hawa kai da kuke ji kuɗinku ne yake tafiya.

Ruwan ma a duba shi. In butar shayinku tana yin farin dutse a ciki, ko kana ganin farin ɓawo a saman ƙasar bokiti da bakin huda, to ruwan borehol ɗin naku ko rijiyar mai nauyi ne, a hankali shi ma yana kai ƙasa inda toka take kai ta. Yadda na ceto sauran nawa, na kankare ƙasar sama kamar yatsa huɗu na zubar na sa sabuwa da ruɓaɓɓen taki, na yi ta kwarara ruwan saman da na tara a duro har yana fita ta ƙasa, sannan na samo takin feshi mai sinadarin ƙarfe a shagon kayan noma. Da rani in babu ruwan sama rabin lemon tsami nake matsewa a bokitin ban ruwa sau ɗaya a sati. Na san akwai waɗanda za su ce wannan ba ƙa'ida ba ce, eh, al'adata ce kawai kuma ta yi min aiki, wanda yake da halin sayen takardar gwajin pH ya saya ya auna, ya fi tabbas.

Sauran ƙananan ba sai na ja ba. In ganyen dashe ya yi shuni-shuni ta bayansa a Disamba ko Janairu, sanyin hunturu ne ya hana saiwa jan fosfaras, in gari ya ɗumama yana wucewa da kansa, kar ka zuba komai. Ɗuwawun tumatir ya yi baƙi ya lotsa, kalsiyam ne bai isa can ba, amma kusan kullum laifin ban ruwa ne, yau a cika gobe a manta, ka daidaita ruwan kawai, ɓawon ƙwai da ake ta cewa a daka a zuba sai ya yi watanni bai narke ba. Ɗanyen kashin kaji ƙuna yake, a bar shi ya ruɓe wata biyu ko uku. Wanda ya ajiye shuka a falo ko a lungun da rana ba ta shiga ya ga ta yi tsawo siririya ta koɗe, haske take nema, tumatir yana son awa 6 zuwa 8 na rana, kuma in za ka fitar da ita kar ka kai ta ranar Afrilu lokaci ɗaya, ganyen zai yi fari ya bushe. Ganye biyu ko uku na can ƙasa su yi rawaya a shukar da ta girma ta yi 'ya'ya, tsufa ne, tsinke su.

Abin da yake ƙara ba ni haushi shi ne mutum zai yi sati yana kallon saman ganye bai taɓa juya bayansa ba. Haba! Juya mana. Da yawa daga abin da ake kira rashin taki ƙwari ne. In ka ga tabo fari-fari mai shara-shara kamar an cinye cikin ganyen an bar fatar, ka ɗaga shi ga rana za ka ga 'yar tsutsa a ciki da baƙin kashinta, wannan ita ce Tuta absoluta da manoma suke kira sharon, wadda a 2016 ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, duk wanda ya yi cefane a shekarar bai manta ba. A buhu goma ko ashirin hannu ya isa, ka tsinke ganyen ka ƙone, kar ka yar a gindin shukar. In ka girgiza shuka ka ga ƙananan fararen ƙudaje sun tashi, sannan ganyen sama ya ƙanƙance ya naɗe sama kamar cokali gefensa rawaya, cuta ce ƙudan suka kawo kuma ba ta da magani, tumɓuke wannan ɗin tun kafin ta kai ga sauran, na san da ciwo amma haka ne. Ɗige-ɗige ƙanana kamar an soka allura da ɗan yanar gizo a bayan ganye lokacin zafi da bushewa, wasu jajayen ƙwari ne da ido da ƙyar yake ganinsu, ni ruwan 'ya'yan darbejiya da na daka na jiƙa ya kwana nake fesa musu da ɗan sabulu, da yamma, kuma bayan ganyen nake bi. Wadda kuma ta yi yaushi gaba ɗaya dare ɗaya alhali ganyenta kore ne, ka yanke karan daga ƙasa ka tsoma a kofin gilashi da ruwa mai kyau, in ka ga wani farin abu kamar zare yana sauka daga yankan to cutar saiwa ce ta bakteriya, shukar da ƙasar buhun duk a fitar da su daga gidan, kar a sake shuka tumatir ko barkono ko gauta a cikinta.

Sannan in ka yi gyara, gyara ɗaya za ka yi ka jira. Ba yau yuriya gobe Epsom jibi feshin ƙwari gata canjin ƙasa ba, ko shukar ta warke ba za ka san me ya warkar da ita ba, in ta mutu ma ba za ka san me ya kashe ta ba. Kuma ganyen da ya riga ya ƙone ko ya yi rawaya sosai yawanci ba ya dawowa, masu zura masa ido suna cewa magani bai yi ba su ne suke sake zubawa. Ni zare nake ɗaurawa a kara daidai ganyen ƙarshe ranar da na yi gyaran, in ba shi kwana 7 zuwa 10, abin da ya fito sama da zaren shi nake dubawa.