Yadda shugaba zai shigo da AI wurin aiki ba tare da ya kori kwastomomi ba

In kai ne kake riƙe da banki ko otal ko duk wani wurin da aikinsa hidimar jama'a ne, don Allah kar ka fara da sayen manhaja. Fara zama da masu ɗaga waya da masu amsa saƙonni, ka tambaye su wane aiki ne yake cinye musu lokaci a banza, su suka sani wallahi. Galibi za ka ji tambaya ɗaya ce ake ta maimaitawa, ko rubuta rahoto bayan kowane kira. To a nan za ka sa ƙirƙirarriyar basira, wato AI, sashe ɗaya tukuna, a gwada na 'yan makonni.

Ka faɗa musu gaskiya tun farko ko za a rage ma'aikata ko ba za a rage ba, domin wanda yake ganin na'ura ta zo ƙwace masa abinci ba zai taɓa nuna maka inda take kuskure ba.

Wa za a fara ba wa? Sabbin shiga. A 2023 Erik Brynjolfsson na jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun yi nazari kan ma'aikatan kula da kwastomomi sama da 5,000, suka ga AI ya ƙara yawan matsalolin da ake warwarewa a awa da kashi 14 cikin ɗari, amma a wurin sabbi ya kai wajen kashi 34, ƙwararru kuwa kaɗan ya ƙara musu. Su ƙwararrun ka ɗora su a kan duba amsoshin da na'urar take bayarwa, kuma a lissafa musu shi a cikin aikinsu.

Sai maganar awo, nan ne shugabanni suke zamewa. A 2024 kamfanin Klarna mai harkar biyan kuɗi ta intanet ya ce AI ɗinsa yana yin aikin mutum 700, amma a 2025 shugabansa ya yarda cewa sun fi mai da hankali kan rage kashe kuɗi har ingancin hidima ya sauka, suka koma neman mutane. Don haka ka daina ƙirga yawan saƙon da aka amsa kawai, ka duba mutum nawa ne suka dawo da matsalar da aka ce an warware, da mutum nawa suka ajiye aiki. Kuma dole a bar wa kwastoma hanyar da zai yi magana da ɗan'adam cikin sauƙi, musamman in maganar kuɗi ce ko rashin lafiya ko rasuwa.

Abin da na'ura ta faɗa, ku kuka faɗa. A 2024 an tilasta wa kamfanin jiragen sama na Air Canada biyan wani fasinja diyya saboda manhajar hirarsu ta ba shi bayanin da ba daidai ba kan rangwamen tikiti. Shi ya sa duk mako kai da kanka ka zaɓi wasu hirarraki ka karanta, ka naɗa mutum ɗaya da zai riƙa gyara bayanan da ake loda mata duk lokacin da wata ƙa'ida ta canza, sannan rarar lokacin da aka samu kar ka cike ta duka da sabon aiki, ka ware wani ɓangare don horo da hutun ma'aikata.