Yadda na dawo da asusuna a Windows bayan sabuntawa

Wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabunta Windows 10 a kwamfutata. Da na sake kunna ta, fuskar allo fayau, babu fayil ko ɗaya, ga sanarwa cewa an shigar da ni da asusun wucin gadi. Hankalina ya tashi ƙwarai, domin aikin dukan zangon karatu yana ciki.

Na fara leƙa C:\Users, inda Windows ke ajiye jakar fayilolin kowane asusu, na tarar da jakata tana nan lafiya, sai wata sabuwa mai suna TEMP. Kafin komai na kwafe jakata ta asali zuwa filashi. Kada ka ajiye komai a TEMP, da ka fita daga asusun wucin gadin zai goge.

Daga nan na shiga Safe Mode (yanayin da Windows ke tashi da muhimman abubuwa kaɗai) da asusun mai cikakken iko, na buɗe regedit (manhajar gyara rumbun saitunan Windows), na bi HKEY_LOCAL_MACHINE\SOFTWARE\Microsoft\Windows NT\CurrentVersion\ProfileList. Na ga layi biyu masu lamba ɗaya da ta fara da S-1-5-21, ɗaya na ƙarewa da .bak. Shi ne nawa na asali, domin ProfileImagePath ɗinsa (saitin da ke ɗauke da adireshin jakar asusu) na nuna jakata. Na sauya sunan ɗayan, na cire .bak daga wannan, na mayar da saitin State da ke cikinsa zuwa 0.

Na sake kunnawa, alhamdulillahi komai ya dawo wurinsa.